Kafintan da Ya Yi wa Kaji Silin

Babana kafinta ne, amma in kana so ka ɓata masa rai da sassafe, tambaye shi ko yana yin kujeru. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi yana buga silin, shi kaɗai, ba ƙofa ba taga. A unguwarmu har yaran da ba su san sunansa ba sun san Mai Silin. Wuyansa ya ɗan karkace baya saboda yawan kallon sama, shi ya sa baƙi suke zaton girman kai gare shi. Girman kan kam akwai shi, ni 'yarsa ce na sani, sai dai ba a wuyan yake ba.

Yana ɗan shekara sha huɗu kakanmu ya kai shi koyon sana'a wajen wani tsoho mai zafin hannu. Abu ɗaya tsohon nan ya dasa masa a kai, kuma har yau bai fita ba: in ka gama ɗaki, kada ido ya ga katakon da ya riƙe rufi, kada ya ga kan ƙusa. Baba zai nutsar da ƙusa, ya cike gurbinta da foti, ya goge, ya shafa fenti, sai ka rantse allon da kansa ya manne a sama. In ya shiga gidan mutane, kafin ya amsa gaisuwa idonsa ya riga ya hau rufi. Mama ta daina zuwa dubiya da shi tun ranar da ya tsaya a kan wani ɗan'uwanta da ke kwance yana numfashi da ƙyar, ya ce masa wanda ya buga silin ɗin ɗakin nan bai ji tsoron Allah ba.

Ga shi da kunne. Zai ɗauki sandar tsintsiya ya ƙwanƙwasa silin sau biyu, ya karkata kai, ya ce maka ruwa na zuba ta kusurwar gabas, ko gara ta shiga, ko tsuntsu ya yi sheƙa. A ɓalle a duba, a tarar haka ne. Da wannan sana'ar ya ciyar da mu mu biyar, ya kai mu makaranta, har ni autarsu na zama malamar firamare. Tun daga lokacin ya daina kirana da sunana, sai Malama, musamman in yana so ya nuna min ban san komai ba.

Wata rana jiri ya ɗebe shi daga kan tsani. Allah ya taƙaita, kafaɗa ce kawai ta goce, amma likita ya ce hawan jini ne, shi da tsani har abada. Baba ya dawo gida ya zauna, gidan ya yi masa kaɗan. Ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau har ta daina rufuwa. Ya shiga kicin yana gaya wa Mama cewa kantarta ta karkace. Bayan wata biyu Mama ta kira ni gefe ta ce, "Ki samo wa ubanki abin yi, in ba haka ba ɗayanmu zai bar gidan nan." Ni kuma da wayona na je na sayo masa kaji shida. Don haka duk abin da ya biyo baya, ni na jawo, kuma Mama ba ta gaji da tuna min ba.

Gidan haya ne, mun fi shekara talatin a ciki. Bayan kicin akwai ɗan fili, taku shida a tsaye, huɗu a kwance, da famfo a kusurwa da igiyar shanyar Mama. Bayan katangar filin kuma ɗakin ajiyar fulawa ne na gidan burodin da ke maƙwabtaka da mu. Mai burodin shi ne mai gidanmu, ya gaji gidan da sana'ar daga mahaifinsa, kuma a gaban Baba ya girma.

Ni dai na ɗauka Baba zai haɗa ɗan akurki da ragowar katako cikin kwana biyu. Wata uku ya yi yana gini. Ya jingina ɗakin da katangar mai burodi. Ya yi masa bango biyu, na waje da na ciki, don kada a ga ginshiƙai. Ya ɗaga daɓen katako kamar tafin hannu ɗaya daga ƙasa saboda damshi, sannan ya zagaye ƙasan da falanki ya rufe ruf, wai ratar ba ta da kyan gani. A ƙarshe ya buga silin, fari tas, da ɗan ado a gefe-gefe. Mama ta leƙa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, shekara nawa ina roƙonka ka gyara min na ɗakina?" Ya ce nata ai ba laifi, na kajin ne sabo. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, har wani ya ɗauki hoto. Rabon da in ga Baba yana dariya haka tun kafin faɗuwarsa, kuma na ji daɗi ƙwarai, har na yaba wa kaina.

Sai kaji suka fara abin da kaji suke yi. Shida suka zama sha ɗaya, sha ɗaya suka zama ashirin da huɗu. A sayar, Baba ya ce a'a. A yanka, ya ce wacce, don kowace ya san halinta. Da fili ya ƙare musu, maimakon ya rage su, sai ya taka benci ya ɗora musu bene, shi ma da bangonsa biyu da silin ɗinsa. Ya cinye rabin igiyar shanyar Mama, ta koma shanya a kan ƙofofi. Duk da haka matsi bai ragu ba. Kajin suka shiga tsattsagar juna har bayan wasu ya zama fili babu gashi. Kwanon abincinsu kuwa kullum a cike yake maƙil, safe da yamma, don Baba ya ce ba za a ce dabba ta kwana da yunwa a hannunsa ba. Buhun dusa yana jingine a kusurwa, bakinsa a buɗe.

Ƙwai ne ya fara raguwa. Sai 'yan tsaki uku suka ɓace a mako ɗaya, ko gashinsu ba a gani ba. Sai sabulun Mama ya fara fitowa da shatin haƙora. Ranar da abin ya kai ni bango, na biyo daga makaranta da rana tsaka, na tarar da wani ƙaton ɓera zaune cikin kwanon abinci yana ci, kaji na ci ta gefensa kamar tare aka raine su. Na buga ƙafa. Ya ɗago ya dube ni, ya ci gaba da abin da yake yi.

"Baba, ka ga abin da na gani?"

"Na gidan burodi ne," in ji shi, ko kallon wurin bai yi ba. "Fulawa ce take kiransu. Nan wucewa kawai suke yi."

Muka shiga neman magani, kowanne ya fi na baya ban haushi. Na sayo tarkon ƙarfe, Baba ya ce aikin banza ne, ya zauna ya ƙera nasa na katako, mai ƙofa mai zamewa, har da fenti. Abin da ya fara kamawa zakaranmu ne, wanda ya yi mako yana ɗingishi. Na aro mage wajen wata abokiyar aikina. Magen ta hau saman benen kaji inda kwanon rufi ke da ɗumi, ta miƙe ƙafafu, ba ta sauko sai ta ji motsin kwanuka a kicin. Daga nan na sayo maganin ɓera na ɓoɓɓoye inda baki ba zai kai ba. Bayan kwana huɗu wani wari ya tashi a bayan gida, irin wanda ke hana mutum cin abinci. Muka share ko'ina, babu gawa. Na bi warin da hancina har ya kai ni jikin bangon ɗakin kajin, na ce, "Baba, a cikin nan yake." Ya sha mur ya ce aikinsa ba shi da rami, in na ga rami in nuna masa. Na duba ciki da waje, kuma wallahi ban gani ba.

Ranar wata Asabar mai burodi ya yi sallama. Mutum ne mai kunya, ya girme ni da kaɗan, har yanzu in zai gaida Baba sai ya durƙusa. Ya durƙusa ɗin, da fulawa a gashin girarsa, ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Duba-gari sun zo, sun ga kashin ɓera a kan buhuna, sun ba shi mako biyu, in suka dawo suka sake gani za su rufe masa wuri. Ya janye buhunan ya ga ramuka uku a gindin katanga, daidai inda ɗakin kajin ya jingina.

"Baba, mutum tara ne suke ci a ƙarƙashina," ya ce, kansa a ƙasa. "Na toshe da siminti, sun sake fasawa. Don Allah a yi haƙuri. In ba a rabu da ɓerayen nan ba kafin kwana sha huɗu, sai dai kajin su bar gidan."

"Ni na buga silin ɗin ɗakin da aka haife ka," in ji Baba.

"Na sani, Baba. Yana nan ko motsi bai yi ba."

Ya tashi ya fita yana ta ba da haƙuri, amma bai janye ko kwana ɗaya ba. Ni kuwa na san abin da kajin nan suke a wajen Baba. Su ne dalilin da yake tashi da safe ya sa riga. In aka kwashe su, kujerar tsakar gida zai koma, kuma na riga na ga yadda ya fara lalacewa a kanta kafin su zo.

Ranar Litinin na ɗauko wata likitar dabbobi, mace mai fara'a da ba ta san waye Baba ba. Ta zagaya ɗakin, ta durƙusa ta leƙa, ta ƙwanƙwasa bango, sannan ta yi dariya ta ce, "Kai, wa ya gina wa ɓeraye otal haka?" Na rufe ido. Ta ci gaba da bayani hankalinta kwance. Ɓera ba abin da yake so kamar rata mai duhu da ba a buɗewa, ga shi an ba shi a ƙarƙashin daɓe, an ba shi a cikin bango, an ƙara masa da saman silin hawa biyu, ga abinci da ruwa a bakin ƙofa. Ta bayan ɗakin suke shiga, inda ya haɗu da katanga, shi ya sa ba a ganin rami. Ta ce ɗakin kaji a kan ƙafafu ake ɗora shi, tsayin gwiwa, yadda haske da mage za su ratsa ta ƙasa. A janye shi daga katanga, bango ɗaya, ragar waya, ba silin. Dusa a zuba a durom mai murfi, kwano a ɗauke da yamma. Filin nan kuma, in ana son kajin su daina cin juna, kada su wuce goma.

Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce, "'Yata, kin taɓa riƙe hama?"

Ta ce a'a.

Ya ce, "To, a gaida gida."

Na raka ta ina ba ta haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum in na taso daga aiki sai na biya, kullum magana ɗaya. Ya sa an ƙara toshe ramukan katanga da fasassun kwalabe. Ya ƙera tarko na biyu. Ya ce yayyena maza su zo su yi wa mai burodi magana, suka ce suna tafe, kuma har yau suna tafe. Mama ta yi shiru, abin da ban saba gani ba, kuma shirun nata ya ƙara min haushi, don na ɗauka ta bar ni ni kaɗai da rigimar.

A rana ta sha ɗaya na zo a gajiye, yara sun cika min kai tun safe, na tarar da shi zaune gaban ɗakin kajin yana goge wani tabo a jikin fenti da tsumma. Na cika na batse. Na fizgi sandar tsintsiya na shiga, na doki silin ɗin sau biyu da ƙarfi. Abin da ya biyo baya ko kurma zai ji, gudu ne ta ko'ina a saman kaina, ƙura na zubowa, kaji na kururuwa. Na fito ina huci.

"Baba, kai ne fa kake jin motsin gara a cikin katako! Kai ne kake gaya wa mutane abin da ke saman ɗakinsu ba ka hau ba! Yanzu za ka ce min ba ka ji wannan ba? Za ka bari a kwashe maka kaji, a rufe wa bawan Allah wurin cin abinci, saboda kawai kada a ce aikinka ya yi kuskure? Wannan ba ƙwarewa ba ce, taurin kai ne!"

Ban taɓa ɗaga masa murya haka ba. Na jira ya kore ni. Sai ya ninke tsumman a hankali ya ajiye.

"Na ji su, Malama," ya ce. "Wata biyar ke nan. Kafin ƙwai ya fara ɓacewa na ji su."

"To me ya sa ka yi shiru?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙusa ɗaya, don aljihunsa ba ya rabuwa da ƙusa, ya ɗora tsininta a kan bencin da yake zaune, ya riƙe ta da yatsu biyu kamar zai buga. Ƙusar ta riƙa kaɗawa tana ƙwanƙwasa katakon, ƙas-ƙas-ƙas, ya kasa tsayar da ita. Ya sa ɗaya hannun ya danne wuyan hannun, duka biyun suka ci gaba da rawa tare.

"Tarkon nan na biyu, kwana shida na yi ina fama da shi," ya ce. "Da, kafin shayi ya huce na gama. In na ɓalle ɗakin nan, da wane hannun zan mayar? Shi ne na ƙarshe da na yi."

Na juya na ga Mama tsaye a ƙofar kicin. Ta ce, "Tun bara ni nake sa masa maɓallin riga. Ya ce kada in gaya muku." Haushin da nake ji bai tafi ba, sai dai ya juyo kaina. Kullum ina gidan nan, ina ƙirga ƙwai, ina bin wari da hanci, ban taɓa lura cewa rabin kofi ake zuba wa ubana shayi ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi har aka kira magariba.

Washegari da safe, kafin in fita aiki, ya kira ni a waya, abin da ba ya yi. Ya ce in nemi izini a makaranta, in zo da tsofaffin kaya. Na tarar an kwashe kajin an zuba a kwanduna, mai burodi da ma'aikatansa biyu suna tsaye da sanduna, Baba na zaune a kujera da ƙarfen cire ƙusa a cinyarsa. Ya miƙo min.

Ni so nake in fasa abin in huta, amma ina! Ba a ganin kan ƙusa ko ɗaya, shi kaɗai ya san inda suke. "Daga kusurwa, yatsu huɗu. Kankare fentin. Ta nan. A hankali, Malama, allo ne ba ƙofar aji ba." Na kankare, sai ga ƙusa daidai inda ya ce. Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya, bai yi kuskuren ko guda ba. Da allon farko ya sauko, sai da na ja baya. Ɓawon ƙwai, gashin 'yan tsaki, yagaggun buhunan fulawa, ɗankwalin Mama da ta yi wata uku tana zargin maƙwabciya da shi, da jajayen 'ya'yan ɓera a kwance cikin auduga. Manyan suka yi ta tsalle ta ko'ina, sanduna na sauka, magen aro tana kallo daga kan katanga. Mun kashe talatin da ɗaya, ban da waɗanda suka tsere. Baba bai kalli ɓera ko ɗaya ba, allunan yake bi da ido, yana cewa a jingina su a inuwa kada su bankare.

Kafin wa'adi ya cika, mai walda ya kawo keji na ƙarfe da ragar waya, a kan ƙafafu huɗu, mummuna kamar me, duk ƙullin walda a waje. Ta kowane gefe ka tsaya kana hango ɗaya gefen. Baba da kansa ya zaɓi kaji goma da za su zauna, ya ɗauki yini guda yana zaɓen, sauran sha huɗun aka rarraba wa dangi. Duba-gari suka dawo suka duba ɗakin fulawa, suka tafi ba su rufe wurin ba. Ɓera bai ƙare a duniya ba, lokaci-lokaci muna ganin ɗaya a kan katanga, amma ba ya samun wurin zama. Gashin kajin ya fito, ƙwai ya dawo, Mama ta karɓi igiyarta. Mun kai Baba asibiti, suna ba shi magani, rawar hannun ta ɗan lafa amma ba ta daina ba.

Kwanan baya wata mata da ta tare a layinmu ta shigo sayen ƙwai ina nan. Baba na tsaye gaban kejin yana zuba dusa da gwangwani, rabi a kwano rabi a ƙasa. Matar ta dubi kejin ta ce, "Baba, ai an ce min kai kafinta ne. Ya aka yi ka bari aka yi maka wannan abin?"

Na buɗe baki zan tare masa, ya riga ni.

"Da ne," ya ce. "Yanzu kaji nake kiwo. Guda nawa za a ba ki?"

Ta ce shida. Ya dubi ƙwan, ya dubi hannunsa, sannan ya matsa gefe ya ce, "Malama, zo ki ɗebo mata."